Yau na sauya katangar tsaron shagon Kawu

Garwa, Kamaru, Lahadi, cikin azumi.

Tun bayan Asuba na buɗe shagonmu na intanet, don in yi aikin kafin rana ta ɗaga. Akwatin da ke ƙarƙashin tebirin Kawu shi ne katangar tsaronmu: duk abin da zai shigo daga intanet ko zai fita daga kwamfutocin shagon, ta cikinsa yake bi, shi ke tantance wanda zai wuce da wanda za a tare. Manhajar tsaro mai suna pfSense ce a kansa, siga ta 2.3.5, wadda aka daina yi wa gyaran tsaro tun 2018. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin a shagon nan ɗalibai ke cike takardun jarrabawa, 'yan kasuwa kuma suna buɗe asusunsu na banki.

Shawo kan Kawu ya fi aikin kansa wuya. Kullum maganarsa guda ce: "Ɗan nan, abin da bai lalace ba me za ka gyara a cikinsa?" Ni kuma in ce, "Kawu, kwaɗon da ɓarayi suka riga suka san makullinsa, ai rufe shi da barinsa buɗe duk ɗaya ne." Sai da ya shafe wata biyu yana juya maganar kafin ya ba ni kuɗin wata kwamfuta ta hannu.

Dole ce ta sa aka sauya na'urar. Tsohuwar mai 32-bit ce, wato tsohuwar ƙirar ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma tun daga siga ta 2.4 da ta fito a 2017, pfSense ba ta hawa sai kan 64-bit. Saboda haka sabon girki na yi daga tushe. Kafin in taɓa ko da waya ɗaya, na sauke config.xml, fayil ɗin da ke riƙe da dokokin tacewa da tsarin tikitin da muke sayar wa masu shiga Wi-Fi. Na ajiye shi a filashi biyu, na tura na uku cikin wayata.

Na girka siga ta 2.7.2, na zaɓi ZFS a matsayin tsarin faifai, wato yadda ake jera bayanai a faifan kwamfuta. Wannan zaɓin na yi shi ne saboda halin da muke ciki: da zafi ya kama, ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wutar lantarki ya ja baya, ɗaukewar wuta sai ta zama ruwan dare. Tsohon tsarin UFS ba ya son a yanke masa wuta bagatatan, sau biyu yana hana ni barci bara. ZFS ya fi jure irin wannan.

Da na mayar da fayil ɗin config.xml kan sabuwar na'urar, intanet ta ƙi zuwa. Gabana ya faɗi. Ga ƙishi, ga gumi na ɗiga a kan madannai. Na natsu na karanta abin da ke kan allo, ashe sunayen katunan sadarwa ne suka bambanta: tsohuwar tana kiran nata re0 da re1, sabuwar kuwa em0 da em1. Na nuna mata wanda ke kallon waje da wanda ke kallon cikin shago, fitilun suka fara ƙyaftawa.

Bayan La'asar Kawu ya shigo, ya zaro tikiti ɗaya daga cikin waɗanda muka buga tun watan jiya, ya ce in gwada a gabansa. Lambar ta shiga. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla, Allah ya yi maka albarka."

Tsohon akwatin na buɗe shi don in cire faifan. Ƙurar hunturu ta shekaru ta daskare a kan fankarsa kamar auduga, har mamaki nake yadda take juyawa. Na rubuta ranar yau a takarda na manna a jikin sabon, tare da ranar da zan sake duba ko sabuwar siga ta fito. Ana kiran Magariba na ja ƙofa.