Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Tsakuwa Biyar a Faifai

A makon jiya na tsaya a ranar da malamin da ke duba aikina a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ya sa hannu a kan taken bincikena, ya ce in koma gida in tattaro bayanai. Washegari na hau motar asuba. Dosso, Dogon Dutsi, Konni, Madawa, Gidan Rumji, ba mu shigo Maradi ba sai bayan isha'i. Watan Janairun 2022 ne, hunturu ya kankama, leɓe duk ya tsattsage.

Na iske gari bai gama farfaɗowa daga gobarar watan Nuwamba ba, wadda ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar firamare, ta tafi da yara fiye da 20, 'yan shekara biyar da shida. Duk gidan da ka shiga maganar ke nan. Da na gaya wa Inna abin da ya kawo ni, sai ta ajiye carbinta ta dube ni.

"Yanzu ke, a cikin wannan hali, za ki bi 'ya'yan mutane kina tambayarsu ko suna jin daɗin lakwal?"

Na ce mata ba jin daɗi kawai ba, Inna. So nake in san abin da ke sa yaro ya riƙe karatu da zuciya ɗaya, da abin da ke sa wani ya saki tun yana cikin aji, jikinsa na kan benci amma shi ya daɗe da tafiya. Ta ce Allah ya taimaka, amma na ga ba ta gamsu ba.

Kayan aikin da na zo da shi wasu tambayoyi 18 ne da wata Ba'amurkiya masaniyar halayyar ɗan Adam, Carol Goodenow, ta fitar a 1993 don auna yadda ɗalibi ke jin shi ma na makarantarsu ne. Ana karanta wa yaro jimla, ya zaɓi lamba daga 1 zuwa 5 gwargwadon yadda maganar ta dace da shi. Mun mayar da su Faransanci tun a Yamai. Na buga, dala biyar kowane shafi, na ɗauka zuwa wata kwaleji da aka ba ni izinin shiga, aka kai ni ajin siziyam, wato ajin farko bayan firamare.

Ajin ya cika maƙil, uku-uku, huɗu-huɗu a benci. Malamin da ke kula da ladabi ya tsaya bakin ƙofa da 'yar bulalarsa, don a taimake ni a yi shiru. Kuma an yi shirun. Da dare na baje takardun a tabarma, sai na ga kusan kowa 5 ya zagaye tun daga sama har ƙasa, har a jimlar da ke cewa wani lokaci yaro yakan ji kamar ba wurinsa ba ne nan. Sun ɗauka jarrabawa ce, kuma a jarrabawa babbar lamba ita ce alheri. Wasu ma ba su iya karanta jimlolin ba, ko da yake shekara shida ke nan ana koya musu da Faransanci. Na zauna ina kallon kuɗina da wahalata, hawaye suka zo mini.

Inna ce ta warware mini. Ta ce in faɗa mata da Hausa abin da nake tambayar yaran. Na yi ta kewaye-kewaye, na rasa kalma guda da za ta ɗauki ma'anar. Ta saurare ni har na gaji, sannan ta ce, "To ai ɗan gida da baƙo kike nufi. Ki tambaye su, in sun shiga lakwal, 'yan gida ne su ko baƙi?" Shekara biyu ina karanta wannan batu a littattafan Turawa, tsohuwar da ba ta taɓa zama a benci ba ta ba ni shi cikin kalma biyu.

Na sake shiri. Na roƙi shugaban makarantar ya bar ni in riƙa ganin yaran ɗaya bayan ɗaya lokacin hutun ƙarfe goma, ƙarƙashin wani dogon yaro da ke bayan azuzuwa, ba malami kusa. Na nemi yardar iyaye. Na ɗauko faifan Inna da tsakuwa biyar. In na faɗi magana da Hausa, yaro ya zuba tsakuwa a faifai: in maganar ta zauna daidai da shi ya zuba duka, in ba ta shafe shi ba ya sa guda. Daga ranar ne yaran suka fara yi mini magana ta gaskiya. Sunayen da zan ambata duk na sauya su.

Rabi ita ce ta fi kowa lissafi a ajin, na gani a takardunta, 17 da 18 bisa 20. Amma kwana huɗu ina zama a bayan aji ban ga ta ɗaga hannu ba. Da na tambaye ta sai ta ce, tana wasa da bakin hijabinta, "Madam, in na cika ba da amsa maza na cewa na cika rawar kai. Kuma ma mi za shi yi mini? An riga an karɓi kayan gaisuwata." Shekarunta 13. Ƙididdigar lafiya da yawan jama'a ta 2012 ta nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin su kai 18, jiharmu ta Maradi kuma ta haura haka nesa. Gwamnati ta fitar da doka a watan Disamban 2017 don kare karatun 'ya mace, amma Rabi ba ta taɓa jin labarinta ba, kuma ba na jin kawunta ya ji. Wasu masana biyu na Jami'ar Rochester a Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, sun daɗe suna nuna cewa himmar da ke fitowa daga zuci tana tsayawa ne a kan abu uku: mutum ya ji yana da ta cewa a kan abin da yake yi, ya ji zai iya, kuma ya ji akwai waɗanda suka damu da shi. Rabi ta san za ta iya. Sauran biyun ne aka ƙwace mata.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Laminu. Siririn yaro ne mai sanyin murya, kullum yana ƙarshen bencin baya, jikin bango. Na ce masa, "A makarantar nan kana iya sakin jikinka yadda kake a gida?" Ya ɗauki tsakuwa guda ya ajiye a hankali. Na ce, "Akwai babba ko ɗaya a nan da za ka iya kai wa kukanka?" Ya daɗe yana juya tsakuwar a hannu, sannan ya ce, "Madam, ba a iya barin faifan haka nan, ba ko ɗaya?"

Da ƙyar labarin ya fito. Mahaifinsa ya tafi ci-rani Libiya shekara uku ke nan, ba aike ba labari. Mahaifiyarsa awara take soyawa, kuma ba ta da 'ya mace, su huɗu ne duk maza, shi ne babba. Shi ke jiƙa waken suya, shi ke kai niƙa, shi ke wanke-wanke, da yamma shi ke tsaye gaban kasko. 'Yan ajinsu sun gan shi, suka laƙaba masa ɗan daudu. Suna kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa. Lokacin hutu yakan raɓa wajen 'yan mata saboda su ba sa dukansa, wannan kuma ya ƙara wa masu tsokanar ƙarfi. Abin da ya karya shi shi ne ranar da wani malami ya kira shi da sunan a gaban aji, aka kwashe da dariya. Tun daga ranar bai sake buɗe baki a aji ba.

Ban tsaya tonon abin da ke cikin ransa game da kansa ba. Yaro ne ɗan shekara 12, kuma ba hurumina ba ne. Abin da na sani daga karatuna shi ne, a ƙasashe da dama an bincika an ga yaran da ake tsangwama don ana ganin ba su yi kama da yadda ake son namiji ko mace su kasance ba sun fi yawan fashin makaranta, sun fi shiga ƙunci. Ga shi kuwa a gabana, yaron da ya ɗauke wa uwarsa nauyin gida, wanda a ce a wa'azi aka ba da labarinsa da kowa ya ce Allah ya yi masa albarka, shi ne aka mayar abin dariya.

A daren nan barci ya ƙi zuwa, domin bencin bayan nan na san shi. Shekaru bakwai na yi ina malamar kwantaragi a wani ƙauye ta wajen Madarunfa, kuma bayan kowace jarrabawa nakan sake wa yara wurin zama: na ɗaya a gaba kusa da allo, na ƙarshe can jikin zana. Haka aka yi mana, haka na yi. Akwai wani yaro da ya shekara biyu a baya, na yanke a raina cewa kansa ba ya ja. Sai bayan ya bar makaranta kakarsa ta gaya mini a wajen wani suna cewa tun ciwon sanƙarau da ya yi kunnensa ɗaya ya toshe. Ni kuwa na kai shi inda ko mai kunne biyu da ƙyar yake jina. A Yamai na karanta gwajin da Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka wallafa a 1968. A wata firamare ta Kalifoniya suka gaya wa malamai cewa wasu yara za su yi fice a bana, alhali da ka aka zaɓo sunayen. Ƙarshen shekara, musamman a ƙananan azuzuwa, yaran nan sun ɗara 'yan uwansu ci gaba. Masana sun yi ta muhawara a kan girman tasirin, waɗansu suka ce bai kai yadda aka fara zuzutawa ba. Ni dai lokacin da nake karantawa fuskar yaron nan nake gani, yana leƙen bakina daga nesa don ya gane abin da nake faɗa.

Mako na gaba Laminu bai zo ba, Litinin, Talata, Laraba. Na duba littafin kiran suna, an dai sa masa alama, ba wanda ya aika a tambaya. Ranar Laraba da la'asar na hau kabu-kabu na nemi inda mahaifiyarsa ke suya. Na same ta bakin wata kwana, hayaƙi ya sa idonta ja, shi kuma yana durƙushe yana yanka awara da wata 'yar wuƙa, gunduwa-gunduwa daidai wa daida kamar an auna. Da ya hango ni sai ya miƙe ya ɓoye hannuwansa a baya.

Muka gaisa. Na ce, "Yaya, ni ce Madam mai tsakuwa. Na ga kwana uku ban ga ɗana ba, shi ne na ce bari in zo in ji ko lafiya."

Ta tsaya da matsamin a hannu. "Daga lakwal aka aiko ki?"

Na ce a'a, ni na kawo kaina. Ta juya ta dubi yaron, ta sake dubana, ta ce tun da ta sa shi makaranta ba a taɓa tako ƙafa don shi ba sai in kuɗi ake nema. Ya ce mata ciwon ciki yake, ita kuma ta san ba ciwon ciki ba ne, amma ta rasa bakin tambaya. Ta jawo mini kujera 'yar tsugunno, ta zuba mini awara a takarda da yaji, ta ƙi karɓar kuɗina. Muka yi magana har aka kira magariba. Da zan tafi Laminu ya raka ni bakin titi, ya ce, kansa a ƙasa, "Madam, gobe za ki zo da faifan?"

Ranar Alhamis ya zo. Ni kuma ina shiga ƙofar makarantar mai gadi ya tare ni, ya ce shugaba na nemana a ofis, kuma malamin nan da ya kira Laminu da sunan yana ciki tun ɗazu. Abin da aka faɗa mini a ofishin, da yadda saura ƙiris a kore ni da faifaina, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.