Jan wardin da ke gefen wurin alwalarmu

Yau da asuba da na fito alwala, sanyin hunturu har cikin ƙashi, na haska fitilar waya a kan wardin nan na ƙirga furanni 17 da suka buɗe. Jajaye wur, ƙura ta ɗan kwanta a gefen wasu. Waɗanda ba su fashe ba tukuna, masu kama da 'ya'yan magarya, ban ma tsaya ƙirga su ba. Shekara uku ke nan da na dasa shi, kuma duk shekara tsakanin Disamba da Janairu yake nuna bajintarsa.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, aikin lambu ya yi a gidajen ma'aikatan jami'a a Samaru har ƙarfinsa ya ƙare. Bayan hannunsa bai taɓa rabuwa da kwarzanen ƙaya ba. A gidanmu na haya kuwa ko tsiro ɗaya bai shuka ba, don ruwan sha ma sai an saya wurin 'yan garuwa. Amma duk ranar da ya yi wa wardi aski a wurin aiki, yakan taho da fure ɗaya a aljihun gaban rigarsa ya ce, "Ungo, Uwata, sa a kofi." Da na tare a Tudun Wada na ga tsakar gida da ɗan fili, abin da ya fara faɗo mini a rai ke nan.

Nawa gajere ne, bai kai ƙuguna ba, ya baje rassa kamar kaza ta rufe 'ya'yanta. Reshe ɗaya kan ɗauki fure biyar ko shida a gungu. Masu sayar da fulawa a bakin titi "ros gajere" suke ce masa. Ƙamshinsa kaɗan ne, sai mutum ya kai hanci. Dogayen nan masu babban fure ɗaya a kan sanda sun fi shi ɗaukar ido, amma sanyi irin na Jos suke so, garin da ke kan tudu mai tsawon mita 1,200, mu kuwa a Zariya ba mu kai 700 ba. Gajerun da gangan aka yi ta barbarar iri har aka same su, don su jure wahala. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Knock Out, na wani Ba'amurke William Radler, da ya shafe shekaru yana haɗa iri a bayan gidansa a jihar Wisconsin kafin ya fito kasuwa a 2000. Shi kansa jan nan mai duhu, da halin yin fure a kai a kai, daga ƙasar Sin suka samo asali. Tsofaffin wardin Turai galibi sau ɗaya suke fure a shekara, sai da aka kai na Sin Ingila wajen 1792 aka gauraya jininsu.

Na farkon da na saya bai yi wata uku ba. A Yuli na dasa shi, tun da duk wanda ya tashi a nan ya san damina ce lokacin shuka. Na kuma zaɓi lungun da indararo ke zuba, a ganina gata na yi masa. Da ruwan Agusta ya kankama, sai ganye ya fara baƙin tabo, gefen tabon ya yi rawaya, yana zubewa daga ƙasa zuwa sama. Ranar da na tuge shi a Satumba saiwar ta yi baƙi tana wari. Wallahi sai da na yi hawaye, ji na yi kamar na ci amanar Baba.

Wani dattijo da suka yi aiki tare da mahaifina ya zo gaishe mu a kwanakin, na kai shi wurin. Ya tsuguna, ya damƙi ƙasar, ya matse ta ta dunƙule kamar ƙwallon fura. Ya ce, "'Yata, wannan ƙasar laka ce. Wardi yana son ya sha ruwa, ba ya son ya kwana a cikinsa. Ki bari ruwa ya ɗauke, ki kuma ɗaga masa wuri."

Haka na yi. A ƙarshen Oktoba na haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, faɗinsa ma haka, a jikin katangar yamma, inda rana ke bugawa daga hantsi zuwa azahar sannan inuwa ta rufe. Awa shida na rana yake bukata, kuma ta safe ta fi masa. Na haɗa ƙasar sama kashi biyu, takin awaki da ya shekara ya ruɓe kashi ɗaya, yashi da tsohon buntun shinkafa kashi ɗaya. Na tara ƙasar ta yi tudu kamar kunyar dankali, na yaga ledar sabon wardin da na sayo a hankali don kada ƙasar saiwa ta watse, na kifa masa tsohon kwando na mako guda. Ɗanyen kashin kaji kuwa ko kusa, ƙone saiwa yake yi.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne gane cewa shawarwarin da ke intanet kusan duk na ƙasashen da ƙanƙara ke sauka ne. Can wardi barci yake yi a lokacin sanyi, su yi masa aski idan gari ya fara ɗumi. Namu ba ya barci, don haka da yanayinmu uku nake lissafi.

Hunturu ne sallarsa. Dare da sanyi, rana tas, ganye a bushe, furen ya yi jan da ba ya yi a sauran watanni, ya kuma daɗe a kan reshe. Don in same shi haka, a farkon Oktoba nake yi masa aski. Nakan rage kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, in cire matattun rassa da waɗanda suka gitta ta tsakiya, in yanka a karkace daidai saman idon da ke kallon waje. Sai in zuba taki, da cokali ɗaya na NPK nesa da gindi bayan na jiƙa ƙasa. Mako shida zuwa bakwai fure ya dawo. Matsalar hunturu iska ce mai shanye laima, shi ya sa nake rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa, amma ina barin tazarar tafin hannu daga gindin saboda gara. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari da ido da ƙyar yake ganinsu, suna zama a bayan ganye suna saƙa yana siririya, ganyen ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Bushewa suke so. Wanke bayan ganyen da ruwa da safe, sau biyu a mako, yana karya lagonsu.

A bazara, Maris da Afrilu, ba na neman komai a wurinsa illa ya rayu. Furen kan ƙanƙance, gefensa ya ƙone kafin la'asar. Ba aski, ba takin zamani. Rabin jarka nake ba shi duk bayan kwana biyu, a gindi, da sassafe.

Damina ce ke son ido. Baƙin tabon nan naman gwari ne ke kawo shi, yana kama ganyen da ya yi kamar awa bakwai a jiƙe, ruwan sama kuma na fantsama shi daga ganye zuwa ganye. Ko irin da ke da juriya yakan taɓa shi a Agusta. Kullum da safe nakan tsince masu tabo, har waɗanda suka faɗi ƙasa, in jefa a murhu. Idan darɓa ta taru a kan sabon toho, sai in daka 'ya'yan dalbejiya, in jiƙa su kwana, in tace, in fesa da yamma. Yana korar ƙwarin sosai, amma tabon da ya riga ya fito ba ya goge shi. Akuya kuma ƙaya ba ta dame ta ba, ta maƙwabta ta taɓa yi masa tas cikin minti kaɗan, tun ranar na kewaye shi da ragar waya.

Surukata da farko ba ta so ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, abin da ba a ci ba a sha, me za a yi da shi? Da zogale kika sa." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, zogalen ma zan sa." Na kuwa sa, yana can ƙuryar gida. Na fahimce ta, don mutane da yawa suna ganin fulawa ta gidajen GRA ce. Ni ban yarda ba. Iyayenmu mata sun shuka lalle da ɗoɗɗoya a tsakar gida tun da can, kuma ba yunwa suke kashewa da lalle ba. Wurin da wardin ya ci bai fi faɗin tabarmar sallah ba. Yanzu Inna a gefensa take alwala, ta kan karkata butar ta juye masa abin da ya rage. Roƙona ɗaya gare ta da yaran gida, kada ruwan sabulu ya je wurin.

Bana da na yi aski ban zubar da rassan ba. Na zaɓi tara masu kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya, na cire ganyen ƙasa na bar biyu a sama, na soka su a ledojin ruwa da na cika da yashi da ƙasa. Kowanne na kifa masa gorar roba da na yanke gindinta, na jera su a inuwar rumfa. Biyar sun yi baƙi sun mutu. Huɗu sun yi toho, kuma shekaranjiya da na ɗaga leda ɗaya na hango farar saiwa siririya ta leƙo ta hudar ƙasa. Biyu na yayata ne da ke Gyallesu, ta riga ta sa an haƙa rami. Ɗaya zan kai wa dattijon nan Samaru ranar Juma'a in Allah Ya kai mu. Na huɗun Inna ta ce a bar mata shi a ƙofar ɗakinta.