Ranar da ƙungiyarka ta faɗi, kada ka riga kowa ɗaukar takalmi

Ƙannena masu buga ƙwallo, akwai wani ɗan Girka da nake so ku sani, Traianos Dellas. Dogon mai tsaron baya ne, ya buga wa Aris da Sheffield United da AEK Athens da Perugia da Roma. Ƙwallo ɗaya tak ya taɓa ci wa ƙasarsa, amma wace irin ƙwallo! A wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Turai na 2004, cikin ƙarin lokaci, abokin wasansa Tsiartas ya bugo kwana, Dellas ya sa kai, 'yan Cek suka tattara suka koma gida. Girka ta je ta doke Fotugal ta ɗauki kofin.

Ba don wannan na kawo shi ba. A Afrilun 2013 aka ba shi horar da AEK, ƙungiyar tana tangal-tangal, bashi ya yi mata katutu. Ta faɗi daga babban rukuni, abin da bai taɓa faruwa da ita ba, har ta tsinci kanta a rukuni na uku. Mutumin da ya taka leda a Roma ya zauna. Shekara biyu a jere yana haurawa da ita, zuwa 2015 ta dawo sama.

Ni kuwa, da gwiwa ta hana ni wasa, dattawan unguwa suka ce in riƙe yaranmu. Na karɓa da ɗoki, har usur na saya. Ƙwallonmu biyu ne, ɗaya ma mai faci, kuɗin mota kuma sai an yi karo-karo. A kakar farko muka faɗi. Ko mako ban yi ba na ce wai ayyuka sun yi mini yawa. Ƙarya ce, kunya nake ji. A ganina na fi ƙarfin filin ƙura da raga marar zare.

Wanda ya karɓe su ko benci ba ya samu a zamaninmu. Bai fi ni sanin ƙwallo ba, har gobe ina faɗa, amma kullum bayan la'asar yana fili.

Don haka idan taku ta faɗi, ku ba ta ko da kaka ɗaya kafin ku yanke shawara. Zama ba ya hana a sha kashi: Dellas kansa ya ajiye aikin a Oktoban 2015 bayan Olympiacos ta zura musu huɗu da nema. Sai dai ya bar AEK a saman da ya mayar da ita. Yaran nan nawa yanzu magidanta ne. In mun haɗu suna gaishe ni da ladabi, "Yaya, ina wuni", wanda ya karɓe su kuma suna ce masa Koci.