In za ku kai yara ganin kagara, ɗaya ta isa a rana

Jama'a ni dai shawarata ga duk mai iyali da ya samu kansa a Birtaniya lokacin hutu ita ce ya ware rana guda ya kwashi yara zuwa ɗaya daga cikin tsofaffin kagarorin nan na dutse, amma fa ɗaya tal, kar a ce sai an zaga uku kafin magariba don kawai a tara hoto a waya. Yaro in ka ja shi da gudu ba abin da zai riƙe sai ciwon ƙafa.

Wadda ta fi kwanta min a rai ita ce ta Conwy a arewacin Wales. Sarkin Ingila Edward na ɗaya ne ya sa aka fara gina ta a 1283 bayan ya ci Wales da yaƙi, cikin kamar shekara huɗu aka gama, hasumiya takwas manya manya a kan falalen dutse a bakin kogi, ga kuma ganuwar da ta kewaye garin wadda tsawonta ya haura kilomita ɗaya kuma har yau tana nan tsaye. Tun 1986 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya tare da kagarorin Caernarfon da Harlech da Beaumaris.

Abin da muka yi da namu yaran, tun daga ƙofa na ce musu to ku ne mayaƙa yau, ta ina za ku shiga? Nan fa ido ya buɗe. Suka ɗaga kai suka ga ramukan da ke saman ƙofa inda masu gadi ke sako duwatsu a kan duk wanda ya matso, sai kuma 'yan siraran tagogin maharba, daga waje tsaga ce kawai da ƙyar hannu zai shiga amma daga ciki an buɗe ta da faɗi yadda mai baka zai juya dama da hagu ya harba kibiya shi kuma ba a samunsa. Ƙaramar tamu ta manna fuskarta a tsagar ta daɗe tana leƙe, sai ta ce Abba ai ina ganin kowa ba mai ganina. Wallahi wannan ya fi min duk bayanin da aka rubuta a allo.

Da suka haƙura suka ce ba ta shiguwa sai na ba su labarin 1401. A lokacin tawayen Owain Glyndwr, jagoran mutanen Wales da ya yi wa mulkin Ingila bore, ranar Juma'ar da ke gaban Ista sojojin gadi sun tafi coci, sai mutanen wasu 'yan uwansa biyu, Rhys da Gwilym ap Tudur, suka zo da sunan kafintoci ne masu gyara, aka buɗe musu, suka kashe masu tsaron ƙofa suka ƙwace kagarar sukutum, suka riƙe ta wajen wata uku. Duk kaurin bangon nan dabara ce ta ci shi.

Kuma don Allah a gaya wa yara gaskiya, ba don ado aka yi ginin nan ba, an yi shi ne don a danne mutanen Wales a ƙasarsu, garin da ke cikin ganuwar ma mutanen Ingila aka kawo aka zaunar. Yaro ɗan shekara goma zai gane wannan sarai in an yi masa bayani a hankali.

Matakalar hasumiyoyin a murɗe take ga ƙunci ga santsi in an yi ruwa, don haka kowa ya sa takalmi mai riƙe ƙasa, keken jariri kuwa ba zai hau ba sai dai goyo, kuma a can sama iska na da ƙarfi sosai, a riƙe hannun ƙanana gam. In da sauran ƙarfi bayan an huta a hau ganuwar garin a taka ko da rabi ne, daga can ake ganin kagarar gaba ɗayanta da kogin a bayanta.