Fitilun gaban fayawol: kore ba kullum lafiya ba, ruwan ɗorawa ba kullum ciwo ba

Idan intanet ta tsaya a ofis, tambayar farko da ake yi wa wanda ke kusa da akwatin na'urori ita ce wace kala fitila take nunawa. Amsar da aka saba samu ita ce "akwai wata ja" ko "ai duk kore ne". Wannan ba ta isa a yi aiki da ita ba. Abu uku ake so: rubutun da ke jikin fitilar, kalarta, da kuma ko a tsaye take ko ƙiftawa take yi. Kowane kamfanin da ke ƙera fayawol, wato na'urar da ke kare hanyar sadarwar ofis daga kutse, da nasa tsarin, don haka takardar da ta zo cikin kwalin na'urar ita ce alƙali, kuma ya dace a manna shafin fitilun a jikin ƙofar akwatin.

PWR, fitilar da ke nuna wuta na shiga na'urar, ba ta da dogon bayani. Idan a mace take, a duba soket, a duba inbata, sannan adafta. Ƙananan na'urori irin FortiGate 60F da adaftar 12V suke aiki, kuma sau da yawa adaftar ce ke ƙonewa ba na'urar ba. Kada a ɗauko ta wata na'ura a jona don kawai bakinta ya shiga, sai an karanta abin da ke rubuce a jikinta.

STATUS, fitilar da ke nuna halin da na'urar ke ciki, ita ce ke jawo ɓarna a inda ake yawan ɗauke wuta da komawa janareta. A FortiGate, kore mai ƙiftawa na nufin na'urar tana tashi, idan ta tsaya cak ta gama. A Palo Alto PA-220 kuwa, STAT tana zama ruwan ɗorawa muddin tana tashi, kuma wannan ƙirar ba ta da hanzari, tana iya cin minti goma ko fiye. Mai gaggawa sai ya ga ba kore ba, ya zare waya ya mayar, ya sake zarewa. Katse wuta a tsakiyar tashi na iya lalata fayilolin da ke cikin ma'ajiyarta. A ba ta minti goma sha biyar tukuna. Idan kuma tana tashi tana komawa farko ita kaɗai, a zargi wutar da ke shigarta, musamman mataccen batirin UPS (na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke), wanda ba ya iya riƙe ta na 'yan daƙiƙun da ake juya layi zuwa janareta.

Inda aka haɗa fayawol biyu don ɗaya ta karɓi aiki idan ɗaya ta faɗi, a nan kala ta fi yaudara. A Cisco ASA 5506-X, fitilar Active kore ce a wadda ke aiki, ruwan goro a wadda ke jiran ko ta kwana. A PA-220 ma haka fitilar HA, mai nuna matsayin kowace a cikin biyun, take: kore ga mai aiki, ruwan ɗorawa ga mai jira. Wannan daidai ne, ba a taɓa komai. Abin tsoro shi ne a ga dukansu biyu kore. Ma'anarsa kowace tana ganin ita ce mai aiki, galibi don wayar da suke jin juna da ita ta cire ko ta lalace, sai su riƙa amsa adireshi ɗaya a lokaci guda. Sarki biyu ke nan a gari ɗaya: intanet ta zo, ta tafi, ta dawo. A fara da wayar da ke tsakaninsu. Haka kuma idan wadda aka san ita ce mai jira ta koma kore, 'yar'uwarta ta faɗi a wani lokaci, a bincika dalili ko da babu wanda ya yi ƙorafi. A Cisco, umarnin show failover zai nuna lokacin da abin ya faru.

Zafi na da nasa. Yawancin ƙananan na'urorin nan an yi su ne don 0 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma 60F da PA-220 ba su da fanka, ta jikinsu suke fitar da zafi. A watan Maris da Afrilu, rufaffen akwati a ɗakin da aka kashe AC ranar Juma'a da yamma zai wuce haka kafin Litinin. TEMP, fitilar zafi, ta koma ruwan ɗorawa a PA-220, ko Status ta koma ruwan goro a ASA, alama ce a buɗe akwatin, a sauke duk abin da aka ɗora a kan na'urar, a hure ƙurar hunturu da ta toshe ramukan iska. Jar fitilar gargaɗi, ALM ko ALARM, da ta ƙi tafiya bayan na'urar ta huce, sai a koma ga kebul ɗin konsol, wanda ke haɗa na'urar da kwamfuta kai tsaye: a buɗe manhajar PuTTY a gudun 9600, a karanta abin da na'urar ke faɗa da bakinta.

Sai ƙananan fitilu biyu na kowace kafar waya, waɗanda ba a cika kallo ba. Ɗaya ta haɗuwa da zirga-zirga ce, ɗaya ta gudu. A yawancin FortiGate, ta gudun kore ce a megabit 1000 a daƙiƙa, ruwan goro a 100. ASA 5506-X da ƙiftawa take faɗa: sau uku a jere 1000, sau biyu 100. Kafar da ya kamata ta ba da 1000 ta tsaya a 100, kusan kullum kebul ne. Gudun 100 da zare huɗu kawai na cikin kebul yake aiki, na 1, 2, 3 da 6, amma 1000 sai duk takwas ɗin. Zare ɗaya daga shuɗi ko ruwan ƙasa ya ƙi matsuwa a kan kebul ɗin, wato RJ45, layi zai haɗu, fitila za ta kama, gudu kuma ya ragu ninki goma ba tare da wata ja ta fito ba. A sake matse kan, a gwada da testa, a tabbatar tsawon bai haura mita 100 ba. Kebul mai araha da aka yi da alminiyam aka shafa masa tagulla ya fi kawo wannan. A layin faiba, idan fitila ta ƙi kamawa a juya zaren biyu, a goge bakinsu, kuma kada a leƙa ciki da ido.

Duk waɗannan fitilu labarin ƙarfe da waya suke bayarwa. Lasisin FortiGuard, sabis ɗin da ke sabunta tsaron FortiGate, zai ƙare, na'urar ta daina karɓar sabbin bayanan ƙwayoyin cuta, STATUS na nan kore shar. Fitilar WAN, kafar da intanet ke shigowa ta cikinta, za ta yi ta ƙiftawa alhali kuɗin intanet ya ƙare, don modem ɗin da ke gefenta kawai take gani. Ranar ƙarewar lasisi sai an shiga shafin gudanarwa ake ganinta, a rubuta ta a takarda a manna kusa da shafin fitilun.