Firintar marigayi ta tashi, ga godiyata

Alhamdu lillahi jama'a, firinta ta tashi. Jiya wajen ƙarfe ɗaya na dare ta fitar da takardar farko, yanzu haka takardun jarrabawar yaran islamiyya suna hannun malaminsu, ni kuma rabona da barcin kirki tun shekaranjiya, don haka wanda na tsallake shi ya yafe min, kaina ba daidai yake ba.

Kun dai bi komai tun ranar da tsohuwar kwamfutar shago ta mutu na kwashi adashina na sayo laftof, ba sai na maimaita ba. Firintar shago ta ƙi aiki da sabuwar laftof ɗin, kwana tara ina fama cikin zafin Garwa na watan Afrilu, wanda ya ce in sayar da firintar wa masu gwangwan ya faɗa, wanda ya ce sammu ne ya faɗa. Ni dai na san marigayi baban su yara ne ya sayo ta da hannunsa, HP LaserJet 1020, da ita muka ci muka sha muka biya kuɗin lakwal, ban ga ranar da zan ɗora ta a sikeli ba.

Yaron nan na Malam liman, mai gyaran waya a bakin babbar kasuwa, na san ya ce kar in ambace shi amma wallahi sai na faɗa. Bayan isha'i ya zo kan moto da kuɗinsa. Ya dubi faifan CD da na adana a cikin akwati shekara da shekaru ya yi dariya ya ce Inna ai laftof ɗin nan ko wurin saka faifai ba ta da shi, kuma ko da akwai, abin da ke ciki na zamanin da ne, Windows 11 sai direba mai 64 bit. Direban nan, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da firinta, shi ne masu Faransanci ke ce wa pilot, ni duk kwanakin nan ana ta ce min pilot pilot ina gyaɗa kai ne kawai. Ya ce irin wannan firintar ba ta da ƙwaƙwalwar kirki a jikinta, duk lokacin da aka kunna ta kwamfuta ce ke tura mata abin da za ta yi aiki da shi, shi ya sa direban gama-gari da wasu suka yi ta ɗora min bai yi komai ba. Daga shafin kamfanin kansa ya sauko da na Windows 7 mai 64 bit da datar wayarsa, ya ƙara firintar da hannu ya zaɓa mata USB001, wato hanyar kebul ɗinta, sannan ya share ayyuka sama da arba'in da na yi ta turawa suka toshe layi. Ashe duk dannawar da nake yi cikin fushi ƙara cushe ta nake.

Ga inda zuciyata ta tsinke. Da ya danna, sai ta yi wannan gurnanin nata, sai na ji ƙaurin zafi ya taso, na ce shi ke nan ta ƙone, inna lillahi, na miƙa hannu zan fizge waya daga bango ya riƙe min gefen hijabi ya ce Inna bari, ɗumi take yi. Ashe warin da na sani ne. Warin shagon nan ne da safe lokacin marigayi yana zaune kan kujerar can yana jiran ta ɗau zafi. Takarda ta fito da ɗuminta, na riƙe, hawaye kawai. Yaron nan bai ce uffan ba, ya tashi ya ce bari ya je ya yi alwala, alhali da alwalarsa ya shigo, ya tsaya a waje har na share fuskata. Na ba shi sefa dubu biyar ya mayar ƙarƙashin firintar ya ce a sayi takarda. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifiyarka, ya ba ka mace ta gari, ya buɗa maka shagon da ya fi na yanzu, yadda ka rufa min asiri Allah ya rufa naka duniya da lahira.

Hajiya maƙwabciyata ta Hausare da ta aro min ɗan adafta na USB-C daga wajen jikanta, don kebul ɗin firintar bai shiga ramin laftof ɗin ba, Allah ya kai ki Makka kuma. Malamin islamiyya da ya ɗaga min ƙafa kwana biyu bai kai aikin wani shago ba, na gode Malam. Autana da ya riƙe tocila da wuta ta ɗauke, Allah ya raya min kai.

'Yan uwa na Yawunde da suka karanta kwamfutar a jami'a kuwa, na kira sau uku, na san aiki ne ya yi yawa. Babu komai, Allah ya bar zumunci.

Gobe in Allah ya kai mu shago a buɗe yake ƙarfe takwas. Rubutun ya fara kwashewa kaɗan a gefe, wanda ya san inda ake cika katirij 12A da hoda mai kyau a nan Garwa ya yi min magana.