Kuɗin kunya

Ran 19 ga wata ina tsaye gaban mai POS a unguwar Mabera cikin Sakkwato, na miƙa kati ya zura, injin ya ƙi. Na ce ya sake. Ya sake, ya ɗago ya dube ni, ya ce a hankali don kada na baya su ji, "Malam, ba matsalar sabis ba ce." Albashi ya ƙare ke nan, kuma da za a ce in rantse in faɗi inda ya bi, ba zan iya ba. Na san na sayi gero, na biya kuɗin makarantar yara da na wuta. Saura fa?

Wannan ya faru ne 'yan watanni bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, lokacin da kowa ya samu abin ɗora wa laifi. Ba ƙarya ba ne, kuɗin kabu-kabu ya tashi, mudun komai ya tashi. Amma laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na gwamnati. Tsadar rayuwa ta zame mini bargon da nake lulluɓe tawa ɓarnar.

Washegari na ɗauki wani littafin rubutu da yaro ya bari, na yage shafukan da aka ɓata. Dokar da na kafa wa kaina guda ce: ba zan rubuta hatsi, cefane, magani ko haya ba. Abin da zan rubuta shi ne duk abin da in ban saya ba, babu wanda zai kwana da yunwa a gidana. Bayan sallar isha nake zama in rubuta. Na fara gwada yi a waya, kwana uku na bari, domin in na buɗe ta da niyyar lissafi sai in farga ina cikin Facebook.

Wata na farko bai ba ni mamaki sosai ba. Shayi da ƙwai wajen mai shayi alhali an dama kunu a gida. Tsire a majalisa. Lemon kwalba in rana ta take. Data ta kwana ɗaya-ɗaya, wadda in ka tara ta wata sai ka ga ta fi ta wata guda tsada, tun ma kafin hukumar sadarwa ta NCC ta yarje wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Sai ladan mai POS, don ina cirar kuɗi kaɗan-kaɗan kusan kullum, da naira 6.98 ɗin nan da ake yanka duk lokacin da na danna lambobin banki in duba abin da ya rage, kamar dubawar za ta ƙara shi. Waɗannan duk masu sauƙin gyara ne.

Inda aikin yake shi ne ranar da na ba uwargida littafin. Na lura in ni kaɗai ke karantawa ina yi wa kaina rangwame, akwai ma wani layi da na ƙirƙiro mai suna "sauransu" da nake cusa abin da nake jin nauyin rubutawa. Muka yi da ita duk Juma'a bayan an sakko masallaci za ta duba. Abu na farko da ta yi, ta soke "sauransu". Na biyu, ta ɗora yatsa kan wani layi ta ce, "Malam, wagga gudunmawa ta dubu biyu, don Allah ka bayar ko don idon mutane?"

Na yi shiru. Ɗaurin aure ne a Runjin Sambo, na fita da niyyar in ba maroƙi ɗari biyar. Sai ya kira sunan kakana, ya haɗo da garinmu, mutane suka juyo. Hannuna ya shiga aljihu ya fito da abin da ban yi shawara da shi ba. Da na koma baya cikin shafukan, irin wannan ya fi tsire da lemo yawa nesa ba kusa ba: biya wa dukan teburi shayi don wani ya ce "Yallaɓai ya iso", yadin anko na bikin ƙanin abokin aiki da na sa sau ɗaya, rancen da na bayar na san ba zai dawo ba don na kasa cewa babu. Daga ranar na raba shafi biyu, gefe guda sha'awa, gefe guda kunya.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Abin da nake aika wa Inna a ƙauye, da abin da aka haɗa wa maƙwabci da ɗansa ya kwanta asibiti, ba su taɓa shiga littafin ba kuma ba za su shiga ba. Zumunci ba ɓarna ba ne. Abin da ke shiga shi ne wanda in babu mai kallo ba zan bayar ba, kuma mutum ya san bambancin a ransa tun kafin kuɗin su bar hannunsa.

Na kuma zarce gona da iri. Azumin 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, kowa ya san zafin Sakkwato a wannan lokacin, amma na tsaya ina musu kan kuɗin ƙanƙarar buɗa-baki. Uwargida ta ajiye ludayi ta ce, "To wanga littahi shi ne maigidan yanzu?" Ta yi gaskiya. Na mayar da ƙanƙara cikin cefane, na kuma ware wa kaina kuɗin sha'awa na mako, tsaba, a cikin ambulan ranar Asabar. In sun ƙare Talata, sai wata Asabar. Dabarar daga wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 na ɗauko ta: lokacin da takardar naira ta yi wuya, sai mutum ya juya ɗari biyu sau uku kafin ya sake ta, alhali tura kuɗi ta waya ba ya ciwo ko kaɗan.

Abin da ya riƙa ragewa na zuba a adashen wurin aiki, na nemi a ba ni kwasata da kaka, na sayi gero lokacin yana araha na ajiye. Gefen sha'awa yanzu layi huɗu ko biyar ne a mako. Gefen kunya ya ragu amma bai mutu ba. Juma'ar da ta wuce ma ta ga dubu ɗaya, ta ɗago kai.

"Maroƙin nan ne dai?"

Na ce shi ne, kuma wannan karon har kakar kakana ya ambato.